Kunnen Inna Tasalla

Sha biyun dare ake sakin garaɓasar data,
lokacin Gyallesu ta yi tsit,
sai tarin janaretan maƙwabci.
Nakan jingina da bango, in rage hasken waya,
in yi ta kallon hannuwa.

Hannuwa kawai, ba fuska.
Ga lalle, ga zoben da bai taɓa gaisawa da toka ba.
Suna yanka albasa ba hawaye, ba tsaki.
Cokali ɗaya na wannan, rabin kofi na wancan,
minti bakwai, in ji ta, kada ya kai takwas.
Gindin tukunyarta fari fat.
Kicin ɗinta, ko ƙuda sai ya yi sallama.

Na ƙaru, ban musa ba.
Na iya lanƙwashe yatsu a bakin wuƙa kamar ƙafar kyanwa,
na iya zare ƙashin kaza fata ba ta yage ba.
Akwai wani ganye da na zagaye kasuwar Sabon Gari ina cigiya
har mai kayan miya ya ce, "Hajiya, ko dai magani ne?"

Inna Tasalla tana can kan katifarta.
Shekara huɗu ke nan yana ta rufe mata ido,
bayan talatin da ta yi tana tuyar waina a Ƙofar Doka.
Na ɗauka barci take.

"Man nan bai yi zafi ba."
Na ce, wane mai?
"Na matar cikin wayarki.
Ba ki ji yadda ƙullun ya faɗa ba, shiru kamar baƙon kunya?
Mai in ya yi, tsawa yake wa ƙullu.
Wannan shanye shi za ta yi."

Na mayar baya. Na kuma mayarwa.
Can a ƙarshe, gefen faranti,
ga takarda ta jiƙe sharkaf, an tura ta bayan fure.

Tun ranar muka raba aiki:
ni ido, ita kunne.
"Ta yi garajen juyawa."
"Wannan ludayin roba ne, ji shi."
"Surutunta ya fi girkinta."
Sai wani dare muka faɗa kan wata tsohuwa ta wata ƙasa,
ba mu san yarenta ba, ba ta ma cika magana ba,
tana dukan kwaɓi a kan katako, tim, tim, ta huta, tim.
Inna ta tashi zaune.
"Wannan ta iya.
Ko 'yar ina ce, ta ciyar da gida da hannun nan.
Ƙara mana."

Ran Asabar na jingina waya da turmi,
na ce yau ke za a ɗauka.
Shinkafa gwangwani nawa, Inna?
"Baki nawa za su ci?"
Kanwa fa?
"Har ta isa."
Minti nawa kafin a juya?
"Ke, tanda agogo gare ta?"

Ta lalubo hannuna, ta riƙe shi saman tanda,
ƙasa kaɗan, ƙasa kaɗan,
har zafi ya fara lasar tafina.
"Nan. Kin ji? To zuba."
Na zuba.
Mai ya daka wa ƙullu tsawa.

Ban san sa'ad da kaza ta ture wayar ba.
Abin da ta ɗauka: reshen mangwaro, gefen kwano, sama,
minti ashirin da ɗaya.
Ba hannu, ba faranti, ba awo.
Sai caaa, da ƙarar cokali a bakin tanda,
da muryarta tana cewa, "A'a, bari tukuna."

Ban goge shi ba.
In an saki garaɓasa yanzu, nakan leƙa hannuwan nan masu lalle,
in gaji, in dawo kansa,
in rufe ido.